A 2024 da 2025 lashe rukuni ba tikitin shiga ba ne: yadda ake zaɓen ƙungiyoyin gasar jami'o'in Amurka

Duk Disamba, da zarar an fitar da jadawalin College Football Playoff, wato gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙwallon Amurka tsakanin jami'o'i, sai ka ji ana cewa an yi maguɗi, an bar zakara a waje. Wasu ma har suna yaɗa cewa gasar ta koma ta ƙungiyoyi sittin da wani abu kamar ta ƙwallon kwando. Ba haka ba ne. Daga 2014 zuwa 2023 ƙungiyoyi 4 ne kacal ke shiga, daga kakar 2024 aka mayar da su 12, cikin jami'o'i sama da 130.

Inda ake samun ruɗani shi ne gurabe biyar da aka ware wa zakarun rukunai, wato lig-lig ɗin da aka rarraba jami'o'in a cikinsu. A kakar 2024 da ta 2025, ƙa'idar ba ta ce kowane zakaran rukuni zai shiga ba. Cewa ta yi zakaru biyar da suka fi matsayi a jerin da kwamitin zaɓe ya tsara, sai sauran gurabe bakwai a raba wa waɗanda suka fi matsayi cikin ragowar. Ke nan a waɗancan shekaru ko ka ɗaga kofin rukuninka, sai ka jira ka ji inda kwamiti ya ajiye ka. Abin da ya sami Duke ke nan a 2025: ta lashe rukunin ACC, amma an doke ta sau biyar a kakar, sai Tulane da James Madison, zakarun ƙananan rukunai, suka sha gabanta. Ba wanda ya karya doka. Dokar ce a haka a lokacin.

Sai batun hutun zagayen farko. Ƙungiyoyi huɗu na sama ba sa buga shi, na 5 zuwa na 8 kuma su karɓi baƙuncin na 9 zuwa na 12 a filayen makarantunsu. A 2024 zakarun rukuni kaɗai ake ba wannan hutu, shi ya sa Boise State da Arizona State suka samu alhali kwamiti ya sa su na 9 da na 12. Duk huɗun da suka huta aka yi waje da su a wasansu na farko, Ohio State da ke lamba 8 a jadawalin gasar ta ɗauki kofin bayan ta doke Notre Dame 34 da 23. A Mayun 2025 aka gyara, aka ce hutu na huɗun farko ne a jerin, zakara ko ba zakara ba.

Gyaran ya yi, amma ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne jerin kansa. Ba maki ake ƙirgawa ba kamar a Firimiya, mutane ne ke zama a ɗaki su auna wa ya fi wa. Su ne a 2023 suka ajiye Florida State a gida bayan ta ci wasanninta 13 duka.