Ra'ayin masu karatu da 'yan kallo kan labaran rayuwar Birtaniya

A Birtaniya mai karatu ko ɗan kallo ba ya ɗaukar kansa baƙo a cikin labarin da ake ba shi. Tun ƙarni na 19 mutanen ƙasar ke rubuta wa marubuci wasiƙa, su roƙe shi ko su yi masa faɗa, kuma al'adar ta bi labari daga littafi zuwa rediyo, daga nan zuwa talabijin da intanet. Yawancin gardamar kan tambaya ɗaya take: haka muke da gaske? Attajiri da talaka, mutumin arewacin Ingila da na kudu, ɗan ƙasa da baƙon da ya zo ya zauna, kowa na dubawa ya ga ko an yi masa adalci. Sau da yawa surutun jama'a ya sa an juya akalar labari. Sau ƙalilan ya kai har zauren majalisa.

Zamanin littafi kashi-kashi

Litattafan Charles Dickens ba a dunƙule suke fitowa ba. Kashi-kashi ake sayar da su, ko dai duk wata a kan sule ɗaya, ko duk mako a cikin mujalla. Tun da ana karanta farkon labari kafin a rubuta ƙarshensa, mai saye yana da ta cewa. A 1840 zuwa 1841, lokacin da The Old Curiosity Shop ke fitowa, wasiƙu sun yi ta zuwa ana roƙon Dickens kada ya kashe yarinyar labarin, Nell. Bai ji roƙon ba, ya kashe ta. Amma ya ji maganar kasuwa: da cinikin Martin Chuzzlewit ya yi sanyi a 1843, sai ya kwashi jarumin ya kai shi Amurka don ya farfaɗo da sha'awar masu saye.

Wasiƙar da ta fi yi masa tasiri daga wata Bayahudiya ta zo, Eliza Davis, wadda mijinta ya sayi gidan da Dickens ya tashi daga ciki a Landan. A 1863 ta rubuta masa cewa yadda ya zana Fagin, ubangidan yara 'yan sane a Oliver Twist, zalunci ne ga Yahudawa. Da farko ya kare kansa. Daga baya ya sa wani Bayahude mutumin kirki mai suna Riah a littafinsa na gaba, kuma a wani bugu na Oliver Twist ya cire wurare da yawa da yake kiran Fagin da sunan ƙabilarsa.

A wancan zamanin sabon littafi ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, sai dai aro. Charles Mudie, wanda ya fara ba da aron litattafai a Landan a 1842, yakan karɓi fam ɗaya da sule ɗaya a shekara, kuma duk littafin da ya ga bai dace a karanta a gaban iyali ba, ba ya ajiye shi. Marubuci ya san in Mudie ya ƙi shi, cinikinsa ya karye. Thomas Hardy ya sha suka mai zafi a kan Jude the Obscure a 1895, har bishop na Wakefield ya ce ya jefa nasa kwafin a wuta. Hardy bai sake rubuta ƙagaggen labari mai tsawo ba, ya koma waƙa.

Arthur Conan Doyle kuwa gajiya ya yi da Sherlock Holmes, jarumin labaransa mai binciken laifuka, ya jefa shi a magangarar ruwan Reichenbach ta ƙasar Suwizalan a Disambar 1893. Masu karatu suka ƙi yafe masa. A 1903 ya dawo da shi da rai, da bayanin cewa dama bai faɗa ba. Shekaru bayan mutuwar Doyle mutane ba su daina aika wa Holmes wasiƙa zuwa gida mai lamba 221B a titin Baker, adireshinsa a cikin labarin, ba, har kamfanin Abbey National, wanda ofishinsa ya haɗa da wannan lamba, ya ajiye ma'aikaci yana ba su amsa.

Rediyo da wasanni masu dogon zango

Wasan rediyon BBC na The Archers, labarin wani ƙauyen manoma, ya fara a duk faɗin ƙasar a 1951, kuma har yau ana yin sa. Ranar 22 ga Satumba 1955 aka kashe Grace Archer, ɗaya daga cikin jaruman wasan, a gobarar bargar dawaki. Layukan wayar BBC suka cushe da masu jimami. A daren nan ne tashar ITV, kishiyar BBC ta farko, ta fara aiki, shi ya sa da yawa ba su yarda katari aka yi ba.

Coronation Street na ITV, wanda ya fara ranar 9 ga Disamba 1960, ya kawo karin harshen talakawan yankin Manchesta cikin falon kowa, a lokacin da aka saba jin Turancin 'yan boko na kudu. A 1998 aka ɗaure Deirdre, ɗaya daga cikin matan wasan, a kan zambar da saurayinta ya tafka. Jaridu suka ɗauki gangamin a sake ta, har ofishin Firaminista Tony Blair ya ce za a sa sakataren harkokin cikin gida ya duba lamarin. Raha ce, kowa ya sani, amma ɗan siyasa ba ya shiga rahar da ba ta da masu zaɓe. Bayan 'yan makonni marubutan wasan suka fito da ita.

Masu ƙorafi

Ba duk mai magana ke neman a ceci jaruma ba. Mary Whitehouse, malamar makaranta ce, ta fara gangamin tsabtace talabijin a 1964, ta kafa ƙungiyar 'yan kallo da masu sauraro a 1965, tana yaƙi da ashar da batsa da tashin hankali a shirye-shiryen BBC. Masu shirya wasanni sun mai da ita abin ba'a, ita kuma ba ta gaji ba har ta yi kusan shekara talatin tana jagorancin ƙungiyar. A yau ƙorafi na da hanyarsa: hukumar Ofcom, wadda ta fara aiki a 2003, ita ke karɓarsa, kuma ƙa'ida ce kada a nuna abin da bai dace da yara ba kafin ƙarfe 9 na dare.

Lokacin da labari ya taɓa doka

Ranar 16 ga Nuwamba 1966 BBC ta nuna Cathy Come Home, wanda Ken Loach ya ba da umarni. Labarin ma'aurata ne matasa: mijin ya yi haɗari ya rasa aiki, suka rasa muhalli, a ƙarshe hukuma ta ƙwace 'ya'yan daga hannun uwar a tashar jirgin ƙasa. Kimanin mutum miliyan 12 suka kalla. An ɗauke shi kamar rahoton gaske, abin da ya sa wasu suka ce an rikita 'yan kallo, ba sa bambance gaskiya da ƙage. Ƙungiyar Shelter mai taimakon marasa muhalli ta buɗe makonni biyu bayan nan. Dama tana kan shiri, amma wasan ya jawo mata gudummawa. Dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa irin waɗannan iyalai matsuguni sai 1977 ta zo.

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi na kwanan nan ne. Daga 1999 zuwa 2015 an samu ɗaruruwan masu riƙe da ƙananan rassan gidan waya da laifin sata ko maguɗin lissafi, alhali manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Mutum zai rufe shagonsa da yamma, kwamfuta ta ce masa dubban fam sun ɓace, a ce ya biya daga aljihunsa. Wasu sun sayar da gidajensu, wasu sun shiga kurkuku. Maganar ba ɓoyayya ba ce. Mujallar Computer Weekly ta buga ta tun 2009, kuma a 2019 mutum 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, wanda shi ma ya taɓa riƙe irin wannan reshe, suka yi nasara a babbar kotu. Duk da haka jama'a ba su motsa ba sai da ITV ta nuna Mr Bates vs The Post Office a darare huɗu, daga 1 zuwa 4 ga Janairu 2024. Cikin kwanaki fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koken a karɓe lambar girmamawar CBE daga tsohuwar shugabar hukumar gidan waya, Paula Vennells, kuma ranar 9 ga wata ta ce za ta mayar. Washegari Firaminista Rishi Sunak ya sanar da dokar da za ta soke hukuncin da aka yanke wa mutanen, ta kuma tabbata a watan Mayu. Ana yawan cewa wasan ne ya tona asiri. Ba haka ba ne: 'yan jarida da lauyoyi da waɗanda abin ya shafa sun gama tonon, wasan ya sa wa lamarin fuskokin da za a tausaya wa.

Gardamar gaskiya da ƙage

Wasannin tarihi na da nasu masu sa ido. 'Yan kallon Downton Abbey, labarin gidan masu sarauta da barorinsu wanda ya fara daga 1912, sun hango eriyar talabijin a kan wani rufi, kuma a 2014 aka ga robar ruwa a kan kanta a cikin hoton tallar wasan. Suka mai nauyi ita ce an shafa wa zaman ubangida da bara zuma, kamar babu wanda ya wahala a ƙasan bene inda barori ke aiki. Wannan bai hana shi samun kasuwa a Amurka ba. The Crown na Netflix, labarin Sarauniya Elizabeth ta Biyu da iyalinta, ya fi jawo rigima, don mutanen da yake magana a kansu da yawa suna raye. A 2020 sakataren al'adu Oliver Dowden ya nemi a rubuta a farkon kowane kashi cewa ƙage ne, Netflix ta ƙi. A 2022 tsohon Firaminista John Major da 'yar wasa Judi Dench suka sake tayar da maganar.

Baƙi mazauna ƙasar ma suna da nasu koken. A 2006 wasu 'yan asalin Bangaladash a gabashin Landan sun yi zanga-zangar hana ɗaukar fim ɗin Brick Lane a unguwarsu, suna cewa littafin Monica Ali, wanda daga cikinsa aka ɗauko fim ɗin, ya ƙasƙantar da mutanen yankin Sylhet na Bangaladash, wasu 'yan unguwar kuma suka ce masu zanga-zangar ba da yawunsu suke magana ba. Kafin nan, Mind Your Language, wasan barkwanci a kan baƙi masu koyon Turanci a ajin yamma, an dakatar da shi a 1979 saboda Michael Grade na tashar da ke shirya shi ya ga yana mai da ƙabilu abin dariya. A ƙasashen da aka ce an yi wa ba'ar, irin su Indiya, wasan ya karɓu sosai, kuma a Najeriya da yawa daga waɗanda suka taso da talabijin a shekarun 1980 har yau suna iya kwaikwayon muryar ɗaliban ajin.