Mene ne "G" da ake ta ambata a finafinan jiragen yaƙi?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Wunti ko Yelwa aka sa fim ɗin jiragen yaƙi ya san wurin: matuƙi ya karya kwana, kumatunsa sun zubo, yana nishi kamar ana danne shi, wani kuma ta rediyo yana ƙirga masa "G bakwai, G takwas". Da yawa sun ɗauka ma'aunin gudu ne. Ba gudu ake aunawa ba.

G ma'aunin nauyin da jiki ke ji ne, an gwada shi da ƙarfin da ƙasa ke jan komai zuwa gare ta. Yadda kake zaune yanzu, G ɗaya kake ciki. Jirgin fasinja da ya tashi daga Bauchi zuwa Abuja yana keta ɗaruruwan kilomita a awa, amma shayin da ke hannunka ba ya ko motsi, domin a miƙe yake tafiya. Sai jirgi ya sauya hanya da ƙarfi, ko ya ɗago kai bayan ya nutsa, sannan jiki ke neman zarcewa inda ya nufa da farko, kujera kuma ta tare shi. Wannan dannewar ita ake ƙirgawa. A G tara, mai nauyin kilo 70 zai ji kansa kilo 630. Kan mutum kaɗai, mai kusan kilo biyar, zai koma kamar an aza wa wuya buhun siminti, ba a ma sa hular kwano a lissafi ba.

Babban haɗarin yana cikin jini. Shi ma nauyinsa ninkuwa yake yi, ya gangara ciki da ƙafafu, zuciya ta kasa turo shi sama. Ido ne ke fara ba da labari: launi ya dushe, gani ya tsuke kamar ana leƙe ta bututu, sannan duhu, sannan suma. Wanda bai samu horo ba yana iya sumewa tsakanin G huɗu zuwa shida cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa matuƙa ke sa wani wando mai jakunkunan iska da ke kumbura ya matse cinyoyi da ciki, su kuma su ɗaure tsokar ƙafa da ta mara, suna sakin numfashi a taƙaice duk bayan daƙiƙa uku ko makamancin haka. Da wannan dabara matuƙin jirgin yaƙi samfurin F-16 ke jure G tara na ɗan lokaci. A 1954 wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya sha G 46 a kan wani keken roka da aka tsayar farat ɗaya, ya fito da rai, idanunsa cike da jini. Sai dai nasa na ƙiftawar ido ne, kuma ta ƙirji ya bi, ba daga kai zuwa ƙafa ba.

To, nan ne masu shirya fim ke samun matsala, domin kwamfuta tana iya zana jirgi da gajimare da wuta, amma fuskar da nauyi ya ja ƙasa tana da wuyar ƙirƙira. Wannan ne ya sa a fim ɗin Top Gun: Maverick na 2022 aka ɗora 'yan wasan a kujerar baya ta jirgin yaƙi F/A-18 na gaske, aka kafa kyamara shida a gabansu, matuƙan rundunar ruwan Amurka na tuƙi, su kuwa an hana su taɓa komai. Wahalar da ake gani a fuskokinsu ba wasan kwaikwayo ba ce.

Amma daga fuska gaskiyar ta fara raguwa. Iyakar da aka ƙayyade wa wannan jirgi G bakwai da rabi ce, labarin kuwa ya kai shi goma. Jirgin da ya ƙetare iyakarsa haka, injiniyoyi ne za su karɓe shi su bi shi lungu-lungu kafin ya sake tashi. A farkon fim ɗin ma jarumin ya ninka gudun sauti sau goma, jirgi ya tarwatse, sai ga shi yana takawa da ƙafarsa yana neman ruwan sha. A zahiri, jirgin gwaji X-15 da ya ninka gudun sauti sau 6.7 a 1967 shi ne har yau ke riƙe da kambun gudu na jirgin sama da mutum ya tuƙa da ƙarfin injinsa. Haka nan doguwar hira ana tsakiyar kwana: mai fama da G tara, kalma ɗaya ma da ƙyar take fita.

Ni ban ga laifin masu fim a duk wannan ba. Yaƙin sama na zamani yawanci daga nesa ake yin sa, a hango abokin gaba a na'urar rada, a harba makami tun yana nisan gomman kilomita, ba a ko ga fentinsa ba. Wa zai biya kuɗin shiga don ya kalli ɗigo a allo? Dole a matso da jiragen su riƙa bin juna ta cikin kwazazzabo.

Abin da kawai nake jan kunnen samarinmu a kai shi ne auna sojan samanmu da wannan mudu. A nan Bauchi hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojan saman Najeriya take, kuma jiragen da aka fi dogara da su a yaƙin Arewa maso Gabas irin su Alpha Jet ne da Super Tucano goma sha biyu da aka kawo a 2021, wanda ma farfela ce ke jan sa. Aikinsu shawagi ne mai tsawo, da sa ido, da kai hari ƙasa. Mai jiran ya ga sun yi ta wulƙitawa a sama suna bin wani jirgi zai daɗe yana jira, domin waɗanda suke yaƙa a kan babura suke.