Taƙaddamar Dokokin Haraji a Majalisar Dokoki ta Tarayya (2024–2025)

Taƙaddamar dokokin haraji ita ce muhawarar da aka tafka a Majalisar Dattawa da ta Wakilai a Abuja kan ƙudurori huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya aike musu a farkon Oktoban 2024. Ƙudurorin sun fito ne daga kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Sukar ta fi zafi a kan harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, da yadda ake raba kuɗinsa tsakanin jihohi, kuma ba 'yan adawa kaɗai suka yi ta ba: wasu daga cikin masu kaushin murya 'yan jam'iyyar APC mai mulki ne daga Arewa.

Asali

Haraji tsohon fagen adawa ne a siyasar Arewa. Tun zamanin mulkin mallaka, haraji da jangali na cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙe tana sukar hukumomin En'e da su, domin talaka ne ke biya, kuma ta hannun hakimi da dagaci ake karɓa. Da jam'iyyar PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangalin. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi wuya ya gane dalilin da kalmar haraji kaɗai ke tayar da hankali a kasuwa da masallaci kafin ma a karanta abin da doka ta ƙunsa.

Shi kuwa VAT, gwamnatin soja ce ta kafa shi da doka a 1993, aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Ya zauna haka har Fabrairun 2020, lokacin Shugaba Muhammadu Buhari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. A tsarin da aka daɗe a kai kafin sababbin dokokin, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Rabon jihohin kuma ana kasa shi uku: rabi a raba daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara kuɗin. Da yake manyan kamfanoni na biyan harajin ne daga hedikwatarsu, Legas ce ke kwashe mafi tsoka a kason na ƙarshe, ko da a Kano ko Jos aka sayi katin wayar. A 2021 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukuncin da ya goyi bayan jihar Ribas kan ikon karɓar VAT, aka ɗaukaka ƙara.

Abin da aka soka

Daftarin farko na ƙudurorin ya nemi a ɗaga VAT mataki-mataki har ya kai kashi 15 a 2030, a rage kason tarayya zuwa 10, sannan a raba kashi 60 na rabon jihohi bisa inda kuɗin ya fito. Gwamnati ta ce manufarta a lissafa wurin da aka yi amfani da kaya, wanda a cewarta zai rage wa Legas kaso. Masu suka suka ce lafazin ƙudurin bai fito da hakan sarari ba, kuma babu alƙaluman da za a dogara da su. Sun ƙara da cewa Arewa abinci take nomawa, wanda ba a ɗora masa VAT, don haka gudummawarta ba za ta bayyana a lissafin ba. Wannan hujja tana da nauyi, musamman a lokacin da cire tallafin mai da faɗuwar naira suka riga suka jigata magidanta.

An kuma soki shirin janye kason haraji da ake ba hukumomin TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, da NITDA ta fasahar sadarwa, da NASENI ta kimiyya da injiniyanci a hankali. Malaman addini sun yi zargin cewa wani sashe zai taɓa dukiyar gado. Gwamnati ta musanta.

A zauren majalisa

Gwamnonin Arewa da sarakuna sun yi taro a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024 suka yi watsi da sabon tsarin rabon. Kwanaki kaɗan bayan haka Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, ta ba da shawarar a janye ƙudurorin don a ƙara tuntuɓa. Shugaban ƙasa ya ƙi.

A ƙarshen Nuwamba zaman Majalisar Dattawa ya hargitse lokacin da aka shigo da Oyedele da wasu jami'ai su yi bayani. Sanata Abdul Ningi na PDP daga Bauchi ya ƙalubalanci matakin bisa ƙa'idojin majalisa, haka shi ma Sanata Ali Ndume na APC daga Borno, wanda ya dage cewa ba a saka batun a jadawalin ranar ba. Duk da haka ƙudurorin sun tsallake karatu na biyu. Majalisar Wakilai kuwa sai ta ɗage muhawararta.

Sasantawa

A Janairun 2025 ƙungiyar gwamnonin ƙasar ta amince da rabon 50 daidai wa daida, 30 bisa tushen kuɗin, 20 bisa yawan jama'a, ba tare da ƙarin VAT ba. A kan haka majalisun biyu suka zartar, Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Dokar ta bar VAT a kashi 7.5, ta yafe harajin albashi a kan naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma sauya hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, zuwa NRS.

A Disamban 2025 ɗan majalisa Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa kwafin da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa da wanda suka zartar. An kafa kwamitin bincike, amma ba a dakatar da fara aiki da dokokin ranar 1 ga Janairun 2026 ba.