Alhaji, Masallacin Unguwa Ma Sai Da Babur?

Duk wanda na ɗaura wa abin awon jini a damtse, kafin lamba ta fito nakan tambaye shi, "Baba, da me ka zo?" Kusan kullum amsa ɗaya ce, adaidaita. Daga ina? Sai ya ambaci layin da ke bayan asibitinmu, tafiyar da tsohuwa mai dogara sanda za ta yi cikin minti goma. Makon jiya wani bawan Allah ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai hawan jini, awonsa 170 bisa 100, ya faɗa mini da bakinsa cewa ko sallar Isha'i a babur yake zuwa. Haba Alhaji!

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mun mayar da tafiyar ƙasa abin kunya, wai kada a ce karayar arziki ta samu mutum. Sayen burodi a bakin titi, abin hawa. Gaisuwar maƙwabci, abin hawa. Hajiya kuma tana zaune kan tabarma tun hantsi, ko ashana ce sai a ƙwala wa yaro kira. Daga baya a zo mana da shanyewar ɓarin jiki, a ce iska ce ko sammu.

Na sani ba laifinku ba ne ku kaɗai. Wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san masallaci da makarantar allo da mai cefane duk a lungu ɗaya suke, mutum zai taka har Kasuwar Kurmi ya dawo bai ji ba. Sababbin unguwanninmu kuwa katanga ce bayan katanga, babu inuwa, babu gefen masu tafiya a ƙasa. Inda aka yi shi ma 'yan tebur da masu ajiye mota sun cinye, ga kwata a buɗe, ga duhu da dare. A lardin Ontario na ƙasar Kanada an bi diddigin mutanen da suka sauya unguwa, aka ga waɗanda suka koma inda ake biyan buƙata da ƙafa sun fi tsira daga hawan jini. Don haka masu unguwanni, ku ma da naku: a rufe kwata, a kwashe bola, a dasa darbejiya, a gyara fitila.

Amma kada wannan ya zama hujjar zama! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Mai zuwa jam'i sau biyar a ƙafa ya ci rabin aikin ko fiye, ga ladan kowane taku.

Don Allah, iyayena da yayyena:
- Tafiyar da ba ta wuce minti 15 ba, a taka.
- Idan da nisa, a sauka kafin a iso, a ƙarasa da ƙafa.
- A fita bayan Asuba ko bayan La'asar, da ɗan sauri, ba da tsakar rana ba.
- Mata a haɗu biyu ko uku, ko a zagaya tsakar gida. Maigida, ka ba da izini.
- A rage gishiri da dunƙule.

Mai shan maganin hawan jini kada ya daina don ya fara tafiya. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri a hanya, ya tsaya, a kawo shi asibiti a ranar. Sauran ku zo a auna ku, daga 140 bisa 90 zuwa sama sai mun zauna mun yi magana.