Jubili: bikin cika shekaru da al'adar raɗa wa duwatsu sunan shugabanni

Jubili kalma ce ta aro da ake ji duk lokacin da wata ƙasa, ko masarauta, ko makaranta ta cika wasu shekaru masu yawa da kafuwa. Ba kowace zagayowar shekara ake kira haka ba. Shekara 25 ita ce jubilin azurfa, 50 ta zinare, 60 ta lu'ulu'u. Mutanen Kano sun ga irinta ba sau ɗaya ba: a 2013 marigayi Sarki Ado Bayero ya cika shekara 50 a kan gadon sarauta, a 2017 kuma Jihar Kano ta cika 50 da ƙirƙirarta a ranar 27 ga Mayu, 1967.

Asalin kalmar daga Ibrananci ne, sunan ƙahon rago da ake busawa don shelar shekara ta hamsin a shari'ar Bani Isra'ila. A wannan shekara ake 'yanta bayi, gonar da talauci ya sa aka sayar kuma ta koma hannun masu ita. Ke nan tun farko talaka ne ke cin moriyar jubili. Yanzu abin ya fi karkata ga fareti da jawabai da sauya sunayen wurare, kuma a nan ne duwatsu suka shigo.

A watan Disamba na 1949 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, ya yi bikin cika shekara 70 da haihuwa. Ƙasashen da ke ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyat suka shiga rige-rigen yi masa kyauta. Bulgeriya ta ɗauki Musala, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, ta mayar da shi Dutsen Stalin, sunan da ya zauna har 1962. Ba shi ne na farko ba, domin tun a shekarun 1930 aka ba wani ƙololuwa mai tsawon mita 7,495 a Tajikistan sunan Stalin. Da Stalin ya mutu aka fara tona ta'asarsa, sai a 1962 aka ce dutsen na Tajikistan ya koma Dutsen Kwaminisanci. Tarayyar ta wargaje, a 1998 aka sake masa suna Isma'il Somoni, sarkin daular Samaniyawa na da. Dutse ɗaya, suna uku, cikin shekaru ƙasa da saba'in. Maƙwabcinsa Dutsen Lenin ma, mai ɗauke da sunan shugaban Sobiyat na farko, Tajikistan ta mayar da shi Ibn Sina a 2006, amma Kirgizistan da suke tarayya a kansa har gobe Lenin take kiransa. Ita Kirgizistan ɗin ce ta raɗa wa wani dutse sunan Putin a 2011, yana raye yana kan mulki.

Kada a ɗauka halin 'yan gurguzu ne kaɗai. Dutse mafi tsawo a Amurka ta Arewa, mutanen Alaska na asali Denali suke ce masa. Aka laƙaba masa sunan Shugaban Amurka McKinley, wanda bai taɓa taka Alaska ba. Obama ya dawo da Denali a 2015, Trump ya sake mayar da McKinley a 2025. A nahiyarmu kuwa, Bajamushen da ya hau ƙololuwar Kilimanjaro a 1889 ya sa mata sunan sarkinsu Wilhelm, sai bayan 'yancin Tanganyika na 1961 ta zama Uhuru, wato 'yanci. Wannan sauyin na yarda da shi, don ba sunan mutum aka ɗora ba.

Me ya sa dutse? Saboda mai mulki ya san gini yana rushewa, titi yana farfashewa, dutse kuwa yana nan. Ga araha: ba a kashe ko sisi wajen gina shi, takarda ce kawai a sa mata hannu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Wanda ya gina asibiti ko gada, a sa sunansa ba laifi, gumin zamaninsa ne. Filin jirgin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero da Asibitin Murtala sun karɓi sunayensu, bakin jama'a ma ya karɓa. Dutse kuwa halittar Allah ce da ta riga kowane mai mulki zuwa, kuma sunansa na farko tarihin mutanen wurin ne.

Dubi Dala. Tarihin baka ya ce sunan wani mutum ne da ya zauna a kansa tun kafin Bagauda, kuma Barbushe daga zuriyarsa ya fito. Sarakunan Haɓe sun shuɗe, an yi jihadi, Turawa sun ci Kano a 1903, soja da farar hula sun yi ta karɓa-karɓa, babu wanda ya taɓa sunan Dala ko Goron Dutse. Har ƙaramar hukuma da asibitin ƙashi suka ari sunan daga dutsen. Ko da wani ya yi karambanin sauya shi a wata jubili, zai gamu da abin da ke faruwa da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase: allon ƙofa na ɗauke da sunan hukuma, amma in za ka hau adaidaita sahu, Asibitin Nasarawa za ka ce kafin direba ya gane inda ka nufa.