Tsohon yayi da sanyin Turai: amsoshin da nake ta maimaitawa a shago

Ɗinki nake yi a unguwar Nima, a Accra. Da Oktoba ta kama sai masu tafiya su fara sallama: mai zuwa karatu Ingila, mai tarewa gidan miji a Jamus, wadda 'yarta ta haihu a Bronx ta New York za ta je wankan jego. Da yawansu tsohon yayi suke so, irin na hotunan iyayenmu, riga mai kama ƙugu da siket mai baza, ko kaba da silit, wato riga da dogon siket mai tsaga irin namu na Ghana, mai tudun kafaɗa. Tambayoyinsu ba sa canzawa. Ga amsoshin wuri guda, a karanta kafin a zo.

Atamfa mai kauri za ta tare mini sanyi?

A'a. GTP ce ko Holandis, duk auduga ce. Auduga tana shan zufa ta riƙe, zufar ta huce a jikinki. Tsadar turmi ba ta ƙara masa ɗumi.

Ai mun saba da hunturu, Anti.

Ba ku saba da komai ba. A Accra ko da asubar Janairu da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Landan a Janairu tana wajen digiri 5, ga yayyafi ga iska. Toronto kuwa ƙasa da sifili take kwana. Don Allah ku daina kawo mini wannan maganar.

To sai in haƙura da tsohon yayi in koma wando da jaket mai kumburi?

Wa ya ce miki? Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Wannan siket mai faɗi da matsattsen ƙugu da kike so, Christian Dior ya fito da shi a Paris a watan Fabrairun 1947, tsakiyar sanyi. Matan da suka sa shi a lokacin sanyi, da yawansu da ulu aka ɗinka musu, da fatari a ciki, da safar hannu da hula da doguwar kwat. A hoto kwalliyar waje kawai kike gani. Kuma cikin duk ɗinkunan mata babu mai rufa asirin kayan ciki kamar siket mai baza, komai kika jibga a ƙarƙashinsa ba mai sani.

Me zan sa a ciki?

Mai manne da fata ya zama siriri, na ulun merino ko siliki ko irin Heattech na Uniqlo, riga da dogon wando. A kansa fatari. Sai doguwar safa mai haɗe da wando: ki duba lambar kauri da ke jikin kwalinta, 80 zuwa sama, don mai 15 ko 20 ta ado ce kawai. Iskar da ta maƙale tsakanin tufa da tufa ita ke riƙe ɗumin jiki, shi ya sa sirara uku suka fi mai kauri ɗaya. Idan kuma kin matse su har ba wurin iskar, kin yi aikin banza.

Ina da biki a Landan a Janairu, kaba da silit nake so irin na mahaifiyata, ya kama jiki. Yaya za a yi?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye, sai mun zauna. Kaba da silit don zafinmu aka yi shi: wuya a buɗe, hannu gajere, silit ya bi cinya, ga tsaga a baya. Duk inda sanyi ke nema an bar masa ƙofa.

Abu na farko, ki sayi kayan cikin kafin ki zo awo, ki sa su a jikinki in auna ki a haka. Na san da zafi, ki daure minti biyar ne. Yawanci nakan ƙara inci ɗaya a ƙirji da ƙugu, wani lokaci ɗaya da rabi, in sauke hammata da rabin inci don hannun rigar ciki ya samu wurin zama. Amma wannan ba doka ba ce. Ya danganta da yadin: leshi yana ɗan bayarwa, shadda da atamfa ba sa bayarwa ko kaɗan. Ya danganta kuma da jikinki, mai ƙirji ba ɗaya take da siririya ba. Ina barin inci guda na yadi a cikin kowane gefe, saboda mutum yakan ƙara jiki ko ya rame bayan ya sauka, kuma telan can kuɗinsa ba irin namu ba ne.

Sai wuya. Idan kin nace a kan faffaɗan wuya irin na da, rigar ciki za ta leƙo, kuma babu abin da ke kashe ɗinki kamar wannan. Ko dai ki nemi rigar ciki mai zurfin wuya kalar fatarki, ko ki bar ni in ɗaga wuyan kabar in yi miki hannu mai kaiwa ƙasan gwiwar hannu, wanda shi ma tsohon yayi ne na gaske. Ni na biyun na fi so, amma jikinki ne.

Shafi ma akwai magana. Shafin roba mai sheƙi da muke sawa a nan, idan ya haɗu da safa a busasshiyar iskar ɗaki mai hita, sai ya riƙa mannewa a ƙafa yana hawa sama. Mai santsi mai ɗan nauyi ya fi, in an samu.

Sai dai ki tambayi masu bikin tukuna. Idan daga mota sai zaure mai hita, kada ki cika kaya, za ki jiƙe da zufa a wurin rawa, ki fito waje sanyi ya kama ki fiye da wadda ba ta sa komai ba. A nan siririn kayan ciki da kwat mai kyau sun isa. Idan kuwa akwai jiran bas ko jirgin ƙasa, ko ɗaukar hoto a fili, to ki ƙara. Ba zan iya yanke miki daga Nima ba, ban ga zauren ba. Kuma idan kina da ciwon sanyin ƙashi ko sikila, ki ajiye maganar kama jiki gaba ɗaya, a yi miki buba da zane mai walwala ki sa duk abin da kike bukata a ciki. Wannan kam ba na sassautawa.

Kwat fa, a nan zan saya ko sai na isa?

Ki saya a nan, don daga ƙofar filin jirgi za ki fara bukatarta. Ki je kasuwar gwanjo ta Kantamanto da sassafe lokacin da ake yanka dila, 'yan Kumasi su duba kasuwar Kejetia. Kwat ɗin ulu ba ta da masu nema sosai a garin nan, sau da yawa za ki samu mai kyau. Ki karanta 'yar takardar da ke ciki ki ga ulu ne ko roba. In ta goge, ki zare zare ɗaya daga kalmasa ki kai gida ki ƙona: ulu yana warin ƙonannen gashi ya murmushe, roba tana narkewa ta dunƙule. Ki ɗaga ta a rana ki nemi hudar asu, ki duba hammata da wuya da shafi. Tsawonta ya rufe siket ɗinki ko ya kusa. Gajeriyar jaket a kan siket mai baza ba ɗumi ba kyau.

Zan iya sa takalmina mai tsini?

Ki riƙe shi a jaka, ki sa a cikin zaure. A hanya but na fata mai ƙasan roba, wanda ya ɗara ƙafarki kaɗan saboda safa.

Gyalena ya isa?

Na shifon? Bai isa ba. Ki sa hula siririya ta ulu a ƙarƙashin ɗankwali ta rufe kunne, ki ɗaura ɗaurinki a kai yadda kika saba, ki yafa babban mayafin ulu. Mu da muke rufe kai da wuya tun asali, wannan ɓangaren bai kamata ya ba mu wahala ba. Man kaɗanya kuma ki tafi da naki daga kasuwar Makola, hita tana busar da fata kamar hunturu.

Na wanke suwaitar da ruwan zafi ta koma ta yara.

Ta tafi, ba ta dawowa. Ulu ruwan sanyi yake so, ba cuɗawa ba murɗawa, a shimfiɗe ake shanya shi. Na faɗa na sake faɗa.

Ni ba inda za ni, sanyin asubar nan ne ke damuna.

'Yar suwaita mai maɓalli a kan rigarki da safa sun ishe ki, Hajiya. Abin da nake roƙo, kada a shiga da kurfotin gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Jibi zan tashi, za ki iya ɗinka mini?

A'a. Mako uku kafin tafiya, da kayan cikinki a hannu, kuma sai kin dawo gwaji.