Waiwaye: Yadda zuba wa mota mai da kanka ya zama laifi a New Jersey

Mu da muka tashi muna ganin ma'aikacin gidan mai yana cewa direba "duba mita" kafin ya cusa bakin famfo a tanki, ba ma ɗaukar hakan wani abin a zo a gani. A Amurka kuwa lamarin ya juye tun da daɗewa. Direba ne ke fitowa ya saka katinsa, ya zuba, ya rufe tankinsa, ya kama gabansa. Jiha ɗaya ce tak cikin 50 ta rage inda doka ta hana shi yin haka baki ɗaya, wato New Jersey. Wanda ya karya dokar a karon farko ana iya cin tararsa dala 50 zuwa 250, idan ya maimaita ta kai har 500.

Asalin maganar na komawa ne zuwa 1947, lokacin da wani ɗan kasuwa mai suna Frank Urich ya buɗe gidan mai a Los Angeles inda mai mota ke zuba wa kansa, a sauƙaƙa masa farashi. Bayan shekara biyu sai Irving Reingold ya kai wannan dabara New Jersey. Ya kafa famfo 24 a kan titin Route 17 a garin Hackensack, yana sayar da galan ɗaya senti 18.9 alhali sauran gidajen mai sun tsaya a kan 21.9. Senti uku ba wani abu ba ne a ido, amma ga mai cika tanki kowane mako kuɗi ne, sai motoci suka yi layi a wurinsa. Abokan sana'arsa suka ga kasuwa na neman kuɓuce musu. An ruwaito cewa har harbin gidan man aka yi, shi kuma ya sa gilashin da harsashi ba ya hudawa ya ci gaba da cinikinsa. Da barazana ba ta yi aiki ba, sai suka nufi majalisar jiha, a 1949 aka zartar da dokar da ta ce ma'aikacin da aka horar ne kaɗai zai zuba fetur. Reingold ya kai ƙara, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a 1951, shi ke nan kasuwarsa ta mutu. A wannan shekarar ce jihar Oregon ta yi irin tata dokar.

Hujjar da aka rubuta a takarda ita ce gobara. Fetur abu ne mai kama wuta, kuma a wancan zamanin famfunan ba su da ingancin na yanzu, don haka tsoron ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Jihohi da dama sun yi irin wannan hani. Dokar Oregon ma dalilai 17 ta jero, daga haɗarin wuta da shaƙar tiririn mai, zuwa santsin ƙasa lokacin ruwan sama, da barin yara su kaɗai a mota yayin da uwa ta tafi biyan kuɗi. Amma duk wanda ya san labarin Reingold zai gane cewa kishin kasuwa ne aka lulluɓe da rigar tsaron lafiya. Ina ganin wannan ne ya sa hujjar ta kasa jure wa zamani: a New Jersey ɗin kanta dokar ba ta shafi man dizal ba, kuma miliyoyin direbobi a maƙwabtanta Pennsylvania da New York na zuba wa kansu kullum.

Sauran jihohi sun saki hanin a hankali. A 1964 John Roscoe ya gwada wata na'ura a Colorado da ke ba mutum ɗaya damar kunna famfuna da yawa daga cikin shago. Sai rikicin mai na 1973 ya zo, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya koma neman inda zai rage ko da senti ɗaya ne. Kafin a ankara, ma'aikacin nan da ke goge gilashi, ya duba baƙin mai, ya gwada iskar taya, ya ɓace daga yawancin titunan ƙasar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda mutanen jihohin biyu suka rungumi dokar da ba don su aka yi ta ba. A 1982 an ba mutanen Oregon zaɓi a akwatin ƙuri'a su soke hanin, suka ƙi. A New Jersey abin ya zama alfahari, har ana liƙa takarda a bayan mota mai cewa 'yan matan Jersey ba sa zuba mai. A 2006 gwamna Jon Corzine ya kawo shawarar a gwada barin direbobi su zuba da kansu a babban titin jihar, kiraye-kiraye da wasiƙun fushi suka yi masa ruwa, cikin 'yan kwanaki ya janye. Wani binciken jin ra'ayi na jami'ar Rutgers a 2022 ya nuna kashi 73 cikin ɗari sun fi son a zuba musu. Kuma ba lalaci ne kawai ba. A ɗauki dattijuwa mai ciwon gwiwa a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe ƙasa, iska na yanka fuska. Ta sauke gilashi kaɗan, ta miƙa kati, ta ce a cika, ba ta taka ƙasa ba. Ko mai keken guragu da sai ya sauke keken kafin ya isa famfo. Ga waɗannan, ma'aikacin gidan mai ba ƙawa ba ne.

Akwai kuma batun abinci. Dubban mutane ne ke cin tuwo da wannan aiki, da yawansu baƙi ne da suka shigo ƙasar ba su da takardar makaranta. Brazil ta fito fili da wannan dalilin: a shekarar 2000 ta yi dokar hana famfon zuba-da-kanka don kare aikin ma'aikatan gidajen mai. Wannan hujja ta fi min ta gobara gaskiya, domin ana iya auna ta, a yi gardama a kanta ido da ido. Masu adawa na cewa albashin ma'aikaci a kan galan ake ɗora shi, kuma tun bayan korona masu gidajen mai na kukan rashin ma'aikata, har ka ga an jera robobin hana shiga a gaban famfuna lafiyayyu, motoci na jiran mutum ɗaya.

Oregon ta sauka ne taki-taki. Daga 2016 aka bar ƙananan yankunan karkara su zuba da kansu da dare, domin matafiyi kan isa gari ya tarar gidan mai ɗaya tilo a rufe. A 2018 aka faɗaɗa damar, a 2020 aka ɗage hanin na ɗan lokaci saboda annoba. A watan Agustan 2023 gwamna Tina Kotek ta sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen hanin na shekara 72. Sai dai an bar sharaɗi: a yankuna masu yawan jama'a ba za a mayar da fiye da rabin famfuna na zuba-da-kanka ba, kuma farashi ɗaya ne ko an zuba maka ko ka zuba. Sharaɗin farashin nan ne nake ganin ya kare tsoho da naƙasasshe daga biyan ƙarin kuɗi saboda rauninsu. A majalisar New Jersey an sha gabatar da ƙuduri mai kama da wannan, na a bar direba ya zaɓa, amma yakan maƙale kafin ya kai teburin gwamna.